Sharhi kan maganin gargajiya na Siddha da na gwada a Chennai

Yawancin 'yan Najeriya da ke zuwa birnin Chennai na ƙasar Indiya neman lafiya manyan asibitocin zamani suke nufa, kuma ni ma jinyar wani ɗan'uwa ce ta kai ni, amma ciwon gwiwa da ya daɗe yana hana ni sakat ya sa na je ganin likitar Siddha, wato maganin gargajiya na al'ummar Tamil da ke kudancin Indiya. Ra'ayina shi ne tsarin yana da amfani ga ciwon gaɓoɓi, sai dai akwai ɓangarensa da bai kamata baƙo ya karɓa ido rufe ba.

Tamilawa suna danganta wannan ilimi ga wasu masana 18 da ake kira Siddhar, waɗanda babbansu shi ne Agastya, kuma an adana yawancin koyarwarsu cikin baitoci a kan ganyen wata bishiya dangin giginya. A yau yana ƙarƙashin ma'aikatar AYUSH mai kula da magungunan gargajiya, wadda gwamnatin Indiya ta kafa a 2014, ana karatun digirinsa shekara biyar da rabi, sannan akwai babbar cibiyarsa ta ƙasa a Tambaram da ke gefen Chennai tun 2005. Saboda haka na nemi ƙaramin asibiti mai rajista, na guji masu tallar ƙulli, waɗanda su ma suna nan birjik.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken. Likitar ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna ta yi shiru tana sauraron bugun jini, sannan ta bayyana ta bakin tafinta cewa a fahimtarsu jiki ya ginu ne daga ƙasa, ruwa, wuta, iska da sarari, kuma abubuwa uku ne ke tafiyar da shi: vatham mai kula da motsi, pitham mai kula da zafi da narkewar abinci, da kabam mai riƙe danshi da ƙarfin jiki. Kowane yatsa yana karanta ɗaya daga cikinsu, kuma cuta tana samuwa ne idan ɗaya ya rinjayi sauran. Bugun jini ɗaya ne kawai cikin abubuwa takwas da suke dubawa, domin ta kuma duba harshe, idanu, launin fata, murya da ɗumin jiki, ta yi tambaya kan bayan gida, ta nemi fitsarin safe. A kan fitsarin ta ɗiga ɗigo ɗaya na man riɗi muka zuba ido. Ta ce idan ya miƙe kamar maciji vatham ne, idan ya yi zobe pitham ne, idan kuma ya tsaya cur kamar dutsen ado kabam ne. Nawa miƙewa ya yi. Ban ɗauki wannan gwaji daidai da awon jini ba, kuma na ƙara amincewa da ita ne a lokacin da ita da kanta ta nemi ganin hoton ƙashin da aka yi mini a gida.

Maganin ya kasu biyu. Na waje shi ne tausa da mai mai ɗumi, wadda suke kira thokkanam, da danna wasu gurabe na jiki daga cikin 108 da ilimin varmam ya lissafa, sai gashi da ƙullin ganye. Na sha kuwa garin busasshiyar citta ne da masoro da wani barkono dogo, ana haɗawa da zuma. Wahalar tana wajen dokar abinci, domin a wurinsu abinci shi ne magani na farko: an hana ni tsamiya, kayan tsami da ruwan sanyi, a garin da kusan kowace miya da tsamiya ake yin ta. Bayan 'yan makonni taurin da nake tashi da shi da asuba ya ragu sosai, har na koma zaman tahiya ba tare da jingina ba, amma hawa bene bai daina yi mini zafi ba, don haka sauƙi na samu, ba waraka ba.

Inda na ja da baya shi ne lokacin da aka ba ni shawarar ƙarawa da wani jan gari da ake kira chenduram. Siddha ya yi fice wajen amfani da ma'adinai irin su zaiba da farar wuta, har da asenik, wani sinadari mai guba, a wasu haɗe-haɗen, kuma masu sana'ar suna cewa ana tsarkake su ta hanyar niƙawa da ruwan ganye da ƙonawa sau da yawa. Ko da hakan ne, sanannen abu ne cewa irin waɗannan ma'adinai suna iya taruwa a jiki su lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma baƙon da zai koma ƙasarsa ba shi da mai bibiyar sa da awon jini. Na ƙi, kuma likitar ba ta matsa mini ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne wasu ƙullin da aka haɗa a asibitin ba su da rubutu sai da harshen Tamil, har sai da na nace kafin aka rubuta mini abubuwan da ke ciki da Turanci.

Kuɗin ganin likita da na tausa ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na asibitocin zamani na birnin. Mai ciwon baya ko na gwiwa da ya samu kansa a Chennai zai iya gwada tausar da gyaran abincin, amma mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu, da wanda ke shan maganin tsinka jini bayan aikin zuciya, kada su sha komai sai sun kai wa likitansu na asibiti rubutaccen jerin abin da ke cikin maganin ya duba.