Hoton Faifai Ko Kwafin Ajiya: Wanne Ke Kare Sabar VPS?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko hoton faifai, wato sinafshot, da kake ɗauka duk ƙarshen wata ya isa ya kare sabar VPS, wato kwamfutar da ake haya ta intanet, da ke ɗauke da shafin sakamakon jarrabawa na wata makaranta a Unguwar Rimi, ko kuwa sai ka ƙara biyan kuɗin kwafin ajiya, wanda ake ce wa bakof. Gaskiya bai isa ba, domin aikinsu ba ɗaya ba ne.

Hoton faifai yana kama duk abin da ke cikin sabar a lokacin da aka ɗauke shi, tun daga Ubuntu, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, har saituka da fayiloli. Ranarsa ita ce kafin ka taɓa abu mai haɗari, kamar ɗaga Ubuntu daga 22.04 zuwa 24.04 ko sauya sigar PHP, yaren kwamfuta da ake rubuta shafuka da shi, ta yadda idan shafin ya ƙi tashi za ka mayar da komai yadda yake ba tare da ɓata lokaci ba. Sai dai hoton wata guda yana nufin duk makin da malamai suka shigar bayan ranar zai salwanta. Idan kuma an ɗauke shi alhali MySQL, manhajar da ke adana bayanan shafin, na tsakiyar rubutu, halinsa ɗaya da kwamfutar da wuta ta ɗauke mata ba zato, wanda ba ko yaushe ake farfaɗowa daga gare shi lafiya ba.

Kwafin ajiya kuwa yana tafiya da kansa bisa jadawali, kuma yana tara kwafi na kwanaki daban-daban, abin da zai cece ka idan sai bayan kwana uku aka gano an goge wani aji. A kamfanin hayar sabar na Hetzner, misali, kuɗinsa kashi 20 cikin 100 ne na hayar sabar, ana riƙe kwafi 7, amma idan aka goge sabar su ma sun tafi.

Abin da ya fi damuna shi ne dukansu biyu suna zaune a kamfani ɗaya, ƙarƙashin asusu ɗaya, kuma wanda ya sace kalmar sirrinka zai iya share su tare. A ranar 10 ga Maris, 2021, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiye sabar na kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, kuma akwai waɗanda suka rasa sabar da kwafinta a dare guda saboda wuri ɗaya aka ajiye su.

Saboda haka, idan kuɗin dala ya tilasta maka zaɓen ɗaya, ka zaɓi kwafin da ke wajen kamfanin. Ka sa cron, mai gudanar da aiki bisa jadawali, ya fitar da bayanan da mysqldump, umarnin kwafe bayanan MySQL, kowane dare, restic, manhajar kwafin ajiya, ya kulle su da kalmar sirri, tun da bayanan 'ya'yan mutane ne, ya tura su wani wurin ajiya na intanet kamar Backblaze B2, sannan ka riƙa sauke kwafi a faifan ofis. Kafin makon fitar da sakamako, ka yi hayar ƙaramar sabar ta awa biyu, ka dawo da kwafin a kanta, ka buɗe sakamakon ɗalibi guda ka tabbatar makinsa ya cika.