Katin sakamako da sanarwar ƙarshen shekara a firamaren gwamnati ta karkarar Jigawa

Zango na uku a makarantun firamaren gwamnati na Jigawa yakan ƙare ne a tsakiyar damina, galibi cikin Yuli, lokacin da magidanta ke fama da maimai da zuba taki. A makon rufewa akwai abu uku da iyaye ke da haƙƙin samu daga makaranta: katin sakamakon yaro, sanarwar ranar komawa da ajin da zai shiga, sai kuma takardun 'yan aji shida masu fita. Hidima ce mai amfani ƙwarai, malaman da ke yin ta kuma suna shan wahalar da iyaye ba sa gani. Amma katin, wanda shi ne ginshiƙin hidimar, yana gaya wa uba na nawa ɗansa ya zo, ba ya gaya masa ko ɗan nasa ya iya karatu. Wannan ce babbar tawayarsa, sauran matsalolin duk ƙanana ne a kanta.

Jadawalin zango daga Dutse yake fitowa, ya biyo ta ofishin Sakataren Ilimi, wanda kowace ƙaramar hukuma cikin 27 na jihar ke da nata, sannan ya iso hannun hedimasta. Cika kati kuwa aikin malamin aji ne.

Ga yadda ake haɗa makin. Kowane darasi yana da gurbin gwaje-gwajen cikin zango da gurbin jarrabawa, galibi 40 da 60, wasu makarantun 30 da 70. Malami zai fara zuba su a babbar takardar tattara maki, ya haɗa jimla, ya fitar da matsakaici, ya jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, sannan ya kwafe komai cikin katin kowane yaro da biro. A ɗauka aji ne mai yara 80 da darussa 9. Gurbi uku a kowane darasi ya ba da lambobi 2,160, kuma sau biyu za a rubuta su, cikin 'yan kwanakin da ke tsakanin gama jarrabawa da ranar hutu. Duk wanda ya san wannan ba zai yi mamakin kuskure ba, amma ya kamata ya san inda kuskuren ya fi maƙalewa.

Na farko shi ne haɗuwar suna. Aji ɗaya na iya ɗauke da Muhammad biyar da A'isha huɗu, wasu ma har sunan uba ɗaya, sai makin wannan ya faɗa katin wancan. Maganinsa lambar shiga, wato lambar da aka ba yaro a rajistar makaranta ranar da aka ɗauke shi. Makarantar da ke rubuta wannan lamba a kan takardar jarrabawa da kan kati ta huta da wannan rigima. Na biyu shi ne yaron da bai zauna wani gwaji ba saboda zazzaɓi ko tafiya: an ja masa layi a gurbin, wajen haɗa jimla layin ya koma sifiri. Na uku ya fi cutarwa, kuma a zango na uku kaɗai yake faruwa, domin a nan ake haɗa zangunan shekara a raba uku. Yarinyar da aka dawo da ita daga wata makaranta a watan Janairu, ta ci 60 da 64 a zango biyun da ta yi, matsakaicinta 62 ne. In malami ya raba uku bisa sabo, sai ta koma 41, a ɗauke ta cikin raunana alhali ba ta da laifin komai. Uba ko yaya mai waya zai iya sake wannan lissafi cikin minti biyu, kuma malamai na gyarawa in an nuna musu cikin ladabi tun kafin a kulle ofis.

Gurbin da ya fi kowanne gaskiya a katin shi ne na halarta, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Sau biyu ake kiran suna a rana, da safe da kuma bayan an dawo daga tara. Saboda haka zango mai mako 13 yakan nuna an buɗe makaranta sau 130, ba 65 ba. Uba ya ga an rubuta ɗansa ya halarta sau 78, ya ji daɗi, yana ganin lambar da girma. Alhali yaron ya rasa kira 52, wato kwana 26, sama da mako biyar ke nan ba ya aji. In aka bi rajista za a ga fashin yana da tsari: ranar kasuwa, makon shuka, ko kuma yaro yana zuwa da safe ya sulale da an fita tara. Malamin da ke kiran suna tsakani da Allah, ba ya cike rajistar mako guda a zama ɗaya ranar Juma'a, ya ba iyaye bayanin da ya fi maki daraja. A nan makarantun ƙauye da yawa sun cancanci yabo, domin malamin ya san gidan kowane yaro, ya kuma san dalilin fashinsa.

Yanzu ga batun matsayi. "Ya zo na biyar cikin 80" magana ce mai faranta rai, har a yanka masa kaza. Amma matsayi gwada yaro ne da 'yan ajinsu kawai. In akasarin ajin ba su iya haɗa baƙi ba, na biyar ɗin ma zai iya zama bai iya ba. Yadda ake jarrabawar ma yana rufa wa wannan asiri: inda babu takardun tambayoyi da aka buga, a allo ake rubutawa, malami ya karanta da baki, yara su zaɓi amsa tsakanin biyu ko uku. Yaro mai kunne da saurin kwafa zai ci 60 bai karanta jimla ko ɗaya da kansa ba. Ƙari a kan haka, a aikace kusan kowa ake ciyarwa gaba, don haka rubuta "ya wuce aji huɗu" ba shaidar komai ba ce. Sai gurbin ra'ayin malami, wanda da Turanci ake cika shi da kalma biyu ko uku da ake maimaita wa rabin aji, ga iyayen da yawancinsu Hausa suke karantawa, wasu ma da ajami.

Gwajin da zai cike wannan giɓi bai wuce minti biyar ba, kuma ana iya yin sa a zaure. Mai gama aji biyu a rubuta masa gaɓoɓi a hargitse, ba a jeren da ya haddace ba, sannan kalmomi irin su gida, rana, tuwo, makaranta. Mai gama aji uku ko huɗu a ba shi layi huɗu na Hausa da bai taɓa gani ba ya karanta da ƙarfi, a yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. A lissafi a ba shi 52 a ɗebe 17, a rubuce, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. In ya ce 35, ya iya aro. In ya rubuta 45, to yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba ne a kowane layi ba tare da aro ba, kuma wannan kuskure zai bi shi har sakandare in ba a tare shi ba. Mahaifin da bai yi boko ba sai ya sa ɗan sakandaren unguwa ko malamin Islamiyya ya yi gwajin a gabansa.

Irin wannan awo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A Wudil da Dawakin Tofa ta jihar Kano an gwada shirin KaLMA, inda ake auna yaro a san ko harafi ya tsaya, ko kalma, ko sakin layi, ko ya kai ga karanta labari, sannan a koyar da shi daga inda yake. Da za a ƙara layi ɗaya tak a katin sakamako mai ɗauke da waɗannan matakai da Hausa, malami ya sa alama a kan guda, da katin ya ninka amfaninsa ba tare da ƙarin takarda ba. Hedimasta mai himma ba ya buƙatar jiran sabon kati, zai iya sa malamansa su rubuta hakan a gurbin ra'ayi tun bana.

Ɓangaren sanarwa kuwa ya danganta da hanyar da aka bi. Wadda ta fi rauni ita ce a faɗa wa yara a taron safe su kai gida. Ɗan aji ɗaya ba ya riƙe kwanan wata, kafin ya isa gida saƙon ya koma "sai bayan girbi". Gurbin ranar komawa da ke jikin katin kuma sau da yawa a buɗe ake barin sa, in jadawalin sabuwar shekara bai iso ba kafin a rufe. Hanyar da ke aiki ita ce ta gargajiya: hedimasta ya rubuta sanarwar da Hausa ya ba liman ya karanta bayan sallar Juma'a, mai unguwa ya sa mai shela ya zaga da ita da yamma, matan da ke cikin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, kuma su kai ta Islamiyyar matan aure da gidajen suna, tunda uwa ce ke tashin yaro da safe. Sau biyu ya kamata a yi, ɗaya a makon rufewa, ɗaya saura mako guda a koma. Ta biyun ta fi muhimmanci, domin komawar Satumba tana cin karo da girbin gero da yankan riɗi, kuma rana na iya sauyawa. A ambaliyar 2022, a yankunan Ringim da Auyo da Haɗeja, jama'a da dama a azuzuwan makarantu suka fake. A irin wannan shekara rediyo zai faɗi ranar jiha baki ɗaya, amma ko makarantar ƙauyenku za ta buɗu a ranar, hedimasta kaɗai ke da amsa.

Taron iyaye na ƙarshen shekara lokacinsa ne ke kashe shi ko raya shi. Ƙarfe goma na safe a Yuli kowa na gona. Ranar Alhamis a ƙauyukan da ke cin kasuwar Maigatari ba za a ga maza ba. Bayan la'asar, a ranar da ba kasuwa, shi ne daidai.

'Yan aji shida su ne hidimar ta fi bari a baya. Sunayen waɗanda aka tura ƙaramar sakandare kan fito ne bayan an riga an watse, kuma ba kullum ake bin gida gida da labarin ba. Namiji zai iya jin labari wajen abokai. Yarinya kuwa, in wata biyu suka wuce babu takarda a hannun mahaifinta mai cewa ga makarantar da za ta je, ga ranar, talla ko maganar aure na iya riga takardar zuwa. Makarantar da ke aika malami ko ɗan kwamiti da jerin sunayen zuwa gidaje ta yi abin da ya fi bikin raba kyaututtuka amfani. Haka kuma jarrabawar da NECO ke shiryawa ta shiga makarantun gwamnatin tarayya, irin ta Kiyawa da ta 'yan mata da ke Kazaure, ta intanet ake rajistarta, kuma kafin hutun Yuli an rufe. Saboda haka iyayen 'yan aji biyar ne ya kamata a sanar da su a taron bana, ba na aji shida ba.

Kafin a karɓi takardar shaidar kammala firamare, a karanta sunan harafi da harafi. Muhammad da Mohammed da Muhammadu suna ɗaya ne a gida, amma uku ne a kwamfuta. A daidaita shi da abin da ke cikin takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da sunan uba, da ranar haihuwa. Tun 2021 JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, kuma saɓanin da hedimasta zai gyara yau da biro, nan da shekara shida sai an haɗa da rantsuwar kotu da zirga-zirgar birni.

Batun kuɗi a bayyane yake a doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce hidimar firamare da ƙaramar sakandare ta gwamnati kyauta ce, wanda ya karɓi kuɗi a kanta kuma ana iya cin sa tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. A aikace, in katunan ba su iso ba ko ba su isa ba, makaranta kan je shagon buga takardu a gari, kuma dole wani ya biya. In iyaye sun zauna sun yarda da gudummawa, an rubuta a littafin kwamiti, an faɗi abin da aka tara da abin da aka kashe, wannan taimakon kai da kai ne. Riƙe katin yaro don ubansa bai biya ba kuwa ba shi da hujja ko kaɗan, kuma 'ya'yan marasa ƙarfi yake korewa. Wanda hakan ta same shi ya fara da hedimasta, sannan shugaban kwamitin SBMC, in ba a warware ba ya kai ofishin Sakataren Ilimi.

Saura ajiya. Katin takarda ce mara kauri da ake miƙa wa yaro a tsakiyar damina, sau da yawa ma a hannu zai riƙo ta har gida. Gara babba ya je ya karɓa da kansa, ya sa a leda, ya ɗauki hotonsa gaba da baya da waya, ya yi fotokwafin na aji shida in ya shiga gari. A makaranta kuma babbar takardar maki da rajistar shiga su ne kaɗai madogara in kati ya ɓata, don haka wurinsu akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, a ɗora shi kan bulo nesa da bango saboda gara da yoyon rufi, a kuma bar mabuɗi na biyu hannun mataimakin hedimasta, tunda canjin wurin aiki yakan zo ne a cikin dogon hutu.