Na biya kuɗi don in duba ko 'yan sandan Amurka na neman wani, ga yadda ta kaya

Salamu alaikum jama'a. Tauraro biyu cikin biyar na ba wani shafin intanet na kuɗi mai binciken bayanan mutane a Amurka, kuma biyun ma don dai ya buɗe da sauri duk da rezon Maradi da kuka sani.

Kawuna ne mai saida motoci ya samu wani yaro ɗan Nijar mazaunin Greensboro, garin nan na jihar Karolina ta Arewa da 'yan ƙasarmu suka cika, aka shirya zai riƙa sayo mishi motoci a gwanjo yana lodowa ta Lome, tunda dai tun 2023 hanyar Kwatano ta zama labari. Maganar miliyoyi ce. Ana gab da tura kuɗi sai wani ya raɗa ma Kawu wai yaron 'yan sanda na neman shi can. Da magariba ya kira ni, ya ce kai ɗan boko zo ka duba mini a wayar nan taka, ance a Amurka komi yana intanet. Na ce to Kawu, an gama.

Na shiga Google na rubuta sunan, shafin da ya hito a sama shi na danna, ashe talla ce. Kana sa suna sai ya fara wasan kwaikwayo, wani layi yana cika a hankali wai muna duba kotuna, muna duba gidajen kaso, can sai jan rubutu ya bayyana wai abin da muka gano zai iya tada maka hankali, ka tabbata kana son gani? Wallahi sai da gabana ya faɗi. Daga baya don gwaji na sa sunan da na ƙirƙira da kaina, shi ma jan rubutun ya hito mishi. To kun ji.

Dala ɗaya ta Amurka suka ce na gwajin kwana biyar, na biya da katin Visa irin wanda ake loda ma kuɗi. Rahoton ya zo da tsawo, tsofaffin adireshi, lambobin waya, mutanen da wai danginshi ne. Wajen laifuka kuma nan ne aka yi kwaɗo. Mutum ukku suka haɗa mini wuri guda, ɗaya a Ohayo an taɓa kama shi da tuƙi cikin maye, ɗaya a Bronx, ɗaya namu. Kuma ban ga laifin na'ura sosai ba, ku duba sunayenmu mana, Mahamadou, Mamane, Mohamed, Abdou, Abdoulaye, sunan uba ya koma gaba sunan yanka ya koma baya, sannan rabinmu takarda ta ce ranar 1 ga Janairu aka haife mu. Da na ɗauki rahoton nan haka na kai ma Kawu da an ɓata ma ɗan mutane suna har Tasawa garinsu akan giyar da wani ya sha a wata jiha. Maganar waranti kuwa, wato takardar umarnin alƙali ta a kamo mutum, wadda don ita na biya, ba su ce akwai ba ba su ce babu ba. Can ƙasa da ƙananan haruffa sun rubuta ba su da tabbacin bayanan, kuma ba a yarda ka yi amfani da su wajen ɗaukar ma'aikaci ko ba da hayar gida ba, saboda wata dokar Amurka ta 1970.

Kwana na shidda suka zare mini wajen jika sha bakwai, wai abonema na wata. Kafin in soke sai da na kira lambar Amurka na sha kiɗa a layi kiredi na ƙonewa.

Wanda ya warware mini abin wani maƙwabcinmu ne a unguwar Zariya da ya yi shekaru yana tuƙin taksi can. Dariya ya yi ta yi, ya ce ɗana ai abin da suka saida maka kyauta ne a wurin masu shi. Ya ce Amurka ba kamar nan ba ce. Mu nan in kana son kaziye, takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa samunka da laifi, don dosiyen konkur ko biza sai ka tafi jistis ta inda aka haife ka da takardar haihuwa, ka sa tambur, girefiye ya sa hannu, ta yi maka wata ukku, kuma taka kawai zaka karɓa, ba ta maƙwabci ba. Can kuwa ƙasar an yanka ta ƙananan yankuna da suke kira kawunti, sun fi 3,000, kowace da kotunta da magatakardanta da sherif ɗinta wanda galibi zaɓen shi ake yi. Wata kawunti ta zuba jerin waɗanda ake nema a shafinta, wata sai ka kira ko ka je da ƙafarka. Babban rumbun FBI da ya haɗa ƙasar duka, NCIC, na jami'an tsaro ne kaɗai, ba wani shafin kuɗi da ke shiga ciki. Shi yasa in shafi ya ce ma babu komi, ma'anarta a wuraren da suka kwaso bayanai babu, shi kenan.

Ya ƙara mini da cewa waranti ma iri iri ne, akwai na laifi sosai, akwai wanda alƙali ke bayarwa don kawai an ba ka ranar kotu baka zo ba, ko da akan takardun mota ne. Kuma a kama mutum daban, a same shi da laifi daban, su kuma shafukan kuɗin nan duk a kwando ɗaya suke zubawa, wani lokaci har shari'ar da kotu ta goge tana nan liƙe a wajensu.

Greensboro tana cikin kawuntin Guilford, sai muka shiga shafin kotunan jihar, ko dala ba mu biya ba. Shari'a guda muka gani da sunan yaron da shekarar haihuwa daidai, ta mota ce, ya ƙi zuwa ranar farko, daga baya ya je ya biya tara aka rufe. Ina jin daga nan jita-jitar ta taso. Na kotunan tarayya kuma akwai PACER, santi 10 ne kowane shafi, in abin da ka duba bai wuce dala 30 cikin wata ukku ba ana yafewa, wannan kam ban gwada ba don sai an yi rijista kuma na riga na gaji.

Na kai ma Kawu bayani, ya saurara yana jan tasbaha, ya ce to jika sha bakwai ɗin wa zai biya, na ce ai kai ka aike ni Kawu, ya ce shi waya ya ce in duba bai ce in sayi komi ba. Ranar Juma'a ya shiga mota ya tafi Tasawa ya gaida mahaifin yaron, suka yi magana gaban liman, yanzu an tura kuɗin mota ɗaya tukunna.