Tsirar kalma ko kumburar kalma, wacce za ka ɗauka?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tunda batun bincike kake son zaɓa tsakanin tsira da kumbura, wato hanyoyi biyu na ginin kalma a Hausa, ɗauki tsira kawai.

Ni a kanta na yi nawa, kuma har yau ina jin daɗin tuna yadda nake zama da ƙamus ina tsinto kalmomi masu ɗafa-goshin ma-, wato ma- da ake liƙawa a farkon kalma. Daga rubuta ga marubuci, daga buɗe ga mabuɗi, daga karanta ga makaranta. Ɗafi ɗaya ne, amma nan ya ba ka mai aikin, can abin aikin, can kuma wurin aikin. Tsira ke nan: sabuwar kalma ake samu mai ma'anar kanta, wadda ta cancanci nata gurbin a ƙamus. Kuma ma'anar ba kullum take bin hanyar da ka zata ba. Maciji daga ciza ya fito, amma sauro ma yana cizo, ba wanda ke ce masa maciji. In ka shiga aikatau kuwa, ga saya, sayo, saye, sayar, sayu, irin abin da Parsons, masanin nahawun Hausa, ya tsara giredi bakwai, wato azuzuwan aikatau, a 1960. Wannan kaɗai ya ishe ka babi guda.

Kumbura fa? To, ba laifi. Kalmar tana nan yadda take a rukuninta, in suna ce ko sifa ba ta tashi daga nan, jinsi ko adadi ne kawai ke sauya mata kama: gida, gidaje, fari, fara, farare. Jimla ce ke tilasta ta, shi ya sa ake cewa farar riga, ba farin riga ba. Kumbura tana zuwa ne bayan tsira ta gama nata, sai ka sami marubuci tukuna kafin marubuciya ko marubuta. Jam'in Hausa na da siffofi da yawa, amma ni dai jerawa na ga ta fi yawa a aikin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da takardun karatu da rubutaccen kundin bincike. Kwafe-kwafe ne, kuma sau da yawa za ka ga sun rubuta wai dole tsira ta sauya rukunin kalma. Ba haka ba ne. Aboki suna ne, abota ma suna ce, kuma tsira ce. Duk takardar da ka ga wannan a ciki, mayar wa mai ita, ka kai misalanka wurin malamin da ke duba ka.