Gargaɗi: mai tallan "Photoshop na har abada", kada ku tura masa ko sisi

Kwana 19 kacal abin ya yi aiki. Gurbi uku na Photoshop, manhajar gyaran hoto, na biya (gurbi shi ne izinin amfani na mutum ɗaya), kuɗin gurbi uku cif, wai lasisi na har abada, kwana 19 ya mutu. Har yanzu in na tuna sai raina ya ƙara ɓaci.

Kafin wani ya zo ya ce min kwaɗayi mabuɗin wahala, ku tsaya ku ji yadda yake yi, domin ba irin masu tura fasasshiyar manhaja a zif ba ne, aƙalla ba da farko ba. Tallansa a kan sababbin abubuwan yake: Generative Fill, wanda za ka zagaye wuri a hoto ka rubuta abin da kake so ya fito maka da zaɓi uku, da Generative Expand mai ƙara faɗin hoto, da Remove Tool. Na san Generative Fill ba a cikin kwamfutarka yake aiki ba. Tun da ya fito a gwaji a watan Mayun 2023, ya shiga siga ta 25.0 a Satumbar shekarar, a kan sabar Adobe, kamfanin da ke yin Photoshop, ake sarrafa hoton, sai da intanet, sai ka shiga da asusu. Fasasshiya ba ta yin sa. Shi ya sa na ce masa ba zan biya ba sai na gani da idona.

Ya ce ba damuwa, turo imel ɗinka. Minti biyar sai ga gayyata, kuma daga Adobe ɗin ta zo, na duba adireshin sau biyu. Na sauke manhajar daga shafin kamfanin da kaina, na shiga, na buɗe hoto, na zagaye bango, na danna, ya cike. Wa zai ga haka ya ce ƙarya ce? Gayyatar gaskiya ce. Nan ya kama ni, a kan imel ɗin nan. Na duba adireshin sau biyu fa!

Ga abin da ke ƙasa. Asusun kamfani yake buɗewa, irin na ƙungiyar ma'aikata, shi ne admin, sai ya saka ka a matsayin ma'aikacinsa. Gurbin nasa ne, kai ɗan aro ne. Ranar da ya ga dama ya cire ka ya saka wani da ya biya sabo, ko kuma biyan asusun ya tsaya kowa ya faɗi tare. Gurbi ɗaya zai iya sayar wa mutum nawa a jere? Allah kaɗai ya sani. Kuma abin da ka ajiye a ma'ajiyar asusun yana ƙarƙashin ikonsa, in an cire ka ba ka da hanyar kaiwa gare shi. Duk fayil ɗin PSD, wato fayil ɗin aikinka na Photoshop, da ba ka da kwafinsa a kwamfutarka, ka yi masa bankwana.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san babu Photoshop na har abada. Photoshop CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da aka sayar a biya sau ɗaya, daga 2013 aka koma biyan wata ko shekara. Na sani sarai. Na ma faɗa masa, tun kafin maganar imel, ya ce ai nasa "na kamfanoni ne da suka rage". Da na ga Generative Fill ya yi aiki sai na ajiye abin da na sani a gefe. Gurbi uku, jama'a.

Au, na tsallake wani abu. A rana ta 12 ya sake karɓar kuɗi, wai na ƙarin kiredit. Gaskiya ne ana ƙidaya amfani da irin su Generative Fill da kiredit, wato makin da ke raguwa in ka yi amfani da su, amma tare da tsarin biyanka suke zuwa, duk wata su sabunta, kuma kana ganin adadinsu a asusunka. Ba wani ɗan tsakiya da ke loda maka su kamar katin waya. Biya biyu kenan. Na gurbi uku, da na kiredit ɗin da ban ga ƙarin ko ɗaya ba.

Da abin ya mutu na yi masa magana, sai ya turo fayil ɗin zif mai kalmar sirri, wai gyara ne, in kashe Windows Defender, antibairos ɗin Windows, kafin in buɗe. Wannan kam ban buɗe ba. Kalmar sirrin an sa ta ne don kada antibairos ya iya leƙa cikin fayil ɗin. Irin waɗannan su ne ke gyara wani fayil na Windows mai suna hosts su toshe hanyar manhajar zuwa sabar kamfani, wato ko ta buɗe Generative Fill ba zai yi aiki ba, kuma sau da yawa a ciki ake cusa abin da ke kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza da kukis na shiga asusu, wato bayanan da ke barin ka a cikin asusu ba sai ka sake sa kalmar sirri ba. Da na ƙi, sai ya toshe ni. Yanzu ya canza suna da hoto, tallan dai iri ɗaya, har bidiyon bai canza ba.

Sikirinshot na hirarmu da rasit biyun duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe bayanaina da ke jiki.

In ya riga ya gayyace ka, shiga shafin asusunka na Adobe ka duba. In ka ga sunan wani kamfani da ba ka sani ba a kan tsarin, ba naka ba ne, sauke fayilolinka yau. In ka buɗe zif ɗinsa, cire intanet, ka canza kalmomin sirri daga wata na'ura daban, fara da na imel, ka fita daga duk na'urori, sannan ka yi wa kwamfutar fomatin. Mai son ganin sababbin abubuwan, akwai gwajin kwana 7 a shafin kamfanin, ka dai soke kafin ya cika. Wanda ba shi da halin biya ya ɗauki GIMP, wata manhajar gyaran hoto, kyauta ce.