Kafin ka sayi injin shara, ka fara tambayar ina ƙurar take zuwa

Bikin ƙanwata ne ya sa ni shiga wannan binciken, Umma ce ta ce tunda an saka mata kafet a falo da ɗakin kwana to a haɗa mata da injin shara cikin kayan ɗaki, kuma ni aka ɗora wa nemowa. Na shiga kasuwa na tarar da kala kala, wani dogo a tsaye, wani kamar bokiti mai taya, wani siriri kamar sanda ba waya, kuma duk shagon da ka shiga magana ɗaya ce, Alhaji wannan wat 2000 ne, wancan 2400 ne ya fi ƙarfi. To gaskiya wannan lissafin wat ɗin shi ne abu na farko da nake so mu ajiye a gefe.

Wat wutar da injin yake sha ce kawai, ba ƙarfin zuƙarsa ba ne. Tarayyar Turai tun 2014 ta hana sayar da sabon injin shara na gida da ya wuce wat 1600, a watan Satumba na 2017 kuma suka sauke iyakar zuwa 900, kuma kafet ɗinsu bai daina fita tas ba, kamfanoni ne kawai aka tilasta wa gyara fanka da hanyar iska da bakin da yake taɓa ƙasa. Mu nan da muke fama da wuta abin ya fi shafarmu, don ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauki inji mai 2000 ba, inbata ma in ba babba ba ce kana kunnawa za ta yi ƙara ta ɗauke, saboda lokacin tashi moto yana jan wuta fiye da abin da aka rubuta a jikinsa.

Asalin aikin duk iri ɗaya ne tun daga farko. A 1901 wani injiniya ɗan Ingila, Hubert Cecil Booth, ya yi nasa wanda saboda girma doki ne ke jansa, a tsaya a ƙofar gida a zura tiyo ta taga. Sai James Murray Spangler, mai shara a wani kanti a garin Canton na jihar Ohio a Amurka, wanda ƙura ke tayar masa da asma, ya haɗa moton fanka da sandar tsintsiya da rigar filo ya yi ɗan ƙarami da mutum ɗaya zai tura, ya samu rajistarsa a 1908 ya sayar wa William Hoover. Fanka ta ja iska, iska ta kwaso datti, sai a raba dattin da iskar. Wannan rabawar ita ce duk rikicin, kuma a kanta ne kusan duk sabbin dabarun shekara 100 ɗin nan suka tsaya.

Ku tuna irin ƙurar da muke da ita. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu in hunturu ya kankama ka share ɗaki da safe kafin la'asar ka rubuta sunanka a kan tebur, kuma ba irin dattin gidajen Turai ba ne na gashin kare da zaren kafet, tamu gari ce lukui kamar hoda, ga yashi da yara ke kwasowa a ƙafa daga tsakar gida. Injin da bai iya riƙe wannan garin ba zai zuƙa ta gaba ya feso maka ta baya, ka gama shara kana atishawa.

Tsohuwar hanya ita ce jaka. Iska ta ratsa jakar ta wuce, datti ya zauna a ciki, in ta cika ka cire ka yar. Aibinta sananne ne, ƙofofin jakar suna toshewa da garin ƙura sai zuƙa ta ragu tun jakar ba ta cika ba, musamman ta takarda. Amma jakunkunan yanzu na wani irin yadi ne mai hawa hawa kamar na takunkumin fuska, suna daɗewa kafin su toshe, kuma wajen zubarwa ba ka shaƙar komai, ka rufe bakinta kawai ka jefa a bola. In akwai mai asma a gidan ni wannan nake ba shi shawara. Matsalar a nan ita ce samun jakar, kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shago ya nuno maka jakar wannan injin ɗin a hannu, ba wai ya ce za a kawo ba. In akwai ta yadi mai zif da ake zazzagewa a mayar, ka haɗa da ita ko da ba ta kai waccan tacewa ba, ranar da ka rasa ta yarwa za ta fishe ka.

Hanya ta biyu ita ce ta guguwa, wadda James Dyson ya shahara da ita. Ya ga yadda ake raba garin katako da iska a wajen yankan katako da wani ƙaton mazurari, ya ce me zai hana a ƙanƙanta shi a saka a injin shara, ya yi gwaji har 5,127 kafin ya dace, injinsa DC01 ya fito a Ingila a 1993. Yadda abin yake, iska na shiga ta gefe tana juyawa da gudu a cikin mazurarin, datti da ya fi iska nauyi sai juyawar ta wurga shi jikin bango ya zame ƙasa, iska ta fice ta tsakiya. Wanda ya taɓa ganin guguwa ta ɗebi ledoji da kara a fili ya ga rabin abin. To ga inda ake yaudarar mutane, duk inji mai roba garai garai da kake hango datti a ciki ana ce masa mai guguwa, alhali ba ɗaya ba ne. Babban mazurari guda ɗaya yashi da ɓawon gyaɗa kawai yake kamawa, garin ƙura sai ƙananan mazurarai masu yawa, don iya ƙanƙantar mazurari iya saurin juyawar iska a cikinsa. Masu arha guda ɗaya suke da shi, sauran aikin sai su bar wa filta, kuma a hunturu filtar nan cikin 'yan kwanaki ta toshe. Ka ɗaga injin ka duba saman robar, in ka ga ƙananan mazurarai a jere a zagaye to da gaske ne, in kuma filta ce kawai a tsaye a tsakiyar roba to ka san wankin filta ya zama aikinka na kullum.

Kuma toshewar filta ba maganar raguwar zuƙa ce kaɗai ba, yawancin injinan nan iskar da suke zuƙa ita ce take sanyaya moton, in hanya ta toshe moto ya yi zafi, mai kyau zai kashe kansa ya huce, marar kyau koyil ya ƙone. In ka wanke filta ka bar ta ta bushe sosai aƙalla awa 24, kar a mayar da ita da danshi, wari za ta yi kuma danshin na shiga moto. Shi ya sa gara ka sayi filta biyu tun farko.

Za ka ga an rubuta HEPA a kwali. Ma'aunin Amurka na wannan filtar shi ne ta kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu yake maikiron 0.3, abin da ido ba ya gani sam. Amma filtar ba ta da amfani in jikin injin yana yoyon iska ta gefe, don haka ka buɗe ka duba ko akwai robar da ta zagaye bakin murfi da mazaunin filta, ka rufe ka ji ko ya kama gam.

Akwai masu tace ƙura da ruwa irin Rainbow, ƙura ta faɗa cikin ruwa ta zama taɓo, dabara ce mai kyau ga ƙurarmu sai dai nauyi da tsada, kuma dole ka zubar da ruwan ka wanke duk bayan shara.

Wanda mutane ke rainawa kuma ni ya fi burge ni shi ne mai kama da bokiti. Henry na kamfanin Numatic, wanda ya fara fitowa a 1981 kuma ake yi a garin Chard a Ingila, moto a sama a cikin murfi, ƙasa ganga ce kawai da jaka, wayarsa mita 10 kuma da hannu ake naɗe ta ba sifirin da zai lalace, na yanzu wat 620 ne kacal. Ba wani ado a ciki, kuma rashin tarkacen shi ne ya sa duk mai gyaran fanka zai iya buɗe shi ya gane. Danginsa su ne masu shan ruwa da busasshe irin na Kärcher, waɗannan motonsu yana da iskar sanyayawa daban wadda ba ta haɗuwa da dattin, kuma akwai wata 'yar ƙwallo a ciki da take tasowa in ruwa ya cika ta toshe hanya don kar ya kai ga moto. In gidanku ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa da damina, ko kana son wanke kujerun mota, wannan ne naka. Ƙara gare su dai, ba a kunna su mai jego na barci.

Sai bakin da yake taɓa ƙasa, wanda shi ma rabin aikin ne. Kafet mai gashi zuƙa kaɗai ba ta fitar da yashin da ya nutse a gindinsa, sai da buroshi mai juyawa da yake kaɗa shi, kamfanin Hoover sun gane haka tun shekarun 1920 suka saka sandar da take bugun kafet tana sharewa. Buroshin nan iri uku ne, wanda bel ke ja daga babban moto, bel ɗin yana saki ko ya tsinke sai ka tambaya ko ana samunsa, da wanda iska ke juyawa, shi yana shiga kafet mai kauri sai ya tsaya, da mai ɗan motonsa a cikin bakin wanda ya fi duka. A tayil kuma buroshi mai tauri watsa yashi yake yi baya ya bugi ƙafarka, nan sai nadi mai laushi kamar tawul ko kawai baki marar juyawa. In ledar ɗaki ce ko darduma mara nauyi ka nemi wanda yake da 'yar taga a mariƙi da ake zugewa a rage zuƙa, in ba haka ba ledar zai kama ya ɗaga. Gidan da ake tsifa da kitso kuma, gashi da zaren atachi suna naɗewa a buroshi har ya daina juyawa, sababbin Shark da Dyson sun saka wasu haƙora kamar na matsefi a cikin bakin da suke tsefe gashin yana juyawa, in ba ka samu irinsa ba aƙalla ka tabbata buroshin yana fita ba sai da sukundireba ba.

Na sandan nan marasa waya su ne abin yayi, kuma gaskiya akwai fasaha a ciki. Tsohon moto yana da gawayi biyu da suke gogar abin juyawa har su cinye, sabon ba shi da su, lantarki ne ke sarrafa maganaɗisu, shi ya sa ya zama ɗan mitsitsi yana gudun da ya wuce hankali, na Dyson V10 da ya fito a 2018 yana juyawa har sau 125,000 a minti ɗaya. Ga mu kuma akwai wani amfani, ka yi caji lokacin da aka kawo wuta ka yi shara lokacin da babu. Amma minti 60 ɗin da ake rubutawa a mafi ƙarancin ƙarfi ne, in ka saka shi a ƙarshe don kafet bai kai minti 10, robar dattin ƙarama ce, kuma batirin litiyom ba ya shiri da zafi, a garin da Afrilu ke wuce digiri 40 in kana ajiye shi a ɗaki mai kwano ba silin to zai gaji da wuri. In za ka saya ka nemi wanda batirinsa ke cirewa da maɓalli, kuma na gwanjo ka ɗauka cewa batirin ya riga ya ci rabin rayuwarsa.

Mutum-mutumin nan mai yawo da kansa, kamfanin iRobot ya fito da nasa mai suna Roomba kasuwa a 2002, na yanzu har taswirar gida suke zanawa da hasken leza. Gida mai tayil shimfiɗe ba hawa ba sauka zai ji daɗinsa. Amma dokin ƙofar da ya wuce kamar santimita 2 galibi ba ya haurawa, yana cin wayar caja da gezar darduma, cikinsa ɗan ƙarami ne, ni ban ga ya zama injin farko a gidajenmu ba.

Dan Allah maganar gwanjo a kula da bolt. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, wata yayata ta taɓa sayen wani dogo mai kyau da aka kawo daga can, mai shagon ya canza masa kan fulogi kawai bai ce mata komai ba, tana sakawa a soket ya yi ƙara hayaƙi ya tashi, kuɗinta ya tafi a ranar. Ka juya injin ka karanta takardar da ke manne a ƙasansa, in ka ga 220 zuwa 240 to namu ne, na Ingila da Turai da Dubai duk suna yi. Kuma a gwada a gabanka, ka toshe bakin tiyo da tafin hannu ka ji yadda ya kama, ka bi jikin tiyon ko akwai tsaga, ka sunsuna iskar da ke fita ta baya ko akwai ƙaurin ƙuna. Amare kuma a ja musu kunne kan tokar turaren wuta, garinta na toshe filta nan take, in kuma da sauran garwashi a ciki jaka ce za ta kama da wuta.

Ita ƙanwar tawa a ƙarshe mai bokiti na saya mata, mai jaka, wat ɗinsa ƙasa da 1000 yadda inbatar gidan mijin za ta ɗauka, na haɗa mata da fakitin jaka biyu da ta yadi guda ɗaya, sai na ƙara kuɗi kaɗan na karɓi bakin buroshi mai juyawa saboda kafet ɗin falon. Tsakar gida da baranda kuma Umma ta riga ta saka mata tsintsiyar kwakwa guda uku a cikin kaya.