Wane gwajin jijiyoyin zuciya za ka biya, kuma ina kwamfuta ta shigo?

In likita ya ce a duba ko kitse ya taru a bangon jijiyoyin zuciyarka, to zaɓi ne da yawa a gabanka kuma kuɗinsu ba ɗaya ba.

Mafi araha shi ne awon kalsiyam da CT (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki), ba allurar ruwan kala mai sa jijiya ta fito a hoto, minti kaɗan an gama. Ana ba da maki ne da ma'aunin Agatston na 1990, sifili yana nufin ba a ga kalsiyam ba, in ya kai 300 ko ya wuce to lamarin ya yi nauyi. Sai dai kitsen da ya riga ya taurare da kalsiyam kawai yake gani, shi kuwa mai taushin nan da yake iya fashewa jini ya daskare a kai har bugun zuciya ya biyo baya, ba ya nuna shi.

Wannan sai CT na jijiya mai ruwan kala, wanda sai an duba ƙodarka tukuna, sau da yawa kuma a ba ka magani zuciya ta rage gudu don hoton ya fito tas. A kan wannan hoton ne manhajojin kwamfuta suke aiki, ba su da nasu hoton.

A cikin kamfanonin manhajojin nan, HeartFlow na Amurka shi ya fi tsufa a harkar, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2014, NICE, hukumar tantance hanyoyin magani ta Ingila, ta bi baya a 2017. Ƙarfinsa lissafin yadda jini yake wucewa ta wurin da ya tsuke, in lambar ta sauko 0.80 ko ƙasa to ana ganin tsukewar tana hana jini, sai a fara maganar zura waya ko sa ƙarfen buɗe jijiya. Cleerly shi kuma yawan kitsen da ya taru yake aunawa ya rarrabe mai taushi da mai tauri, ya fi dacewa da mai son ya ga ko maganin kitsen da yake sha yana aiki bayan wasu shekaru. Akwai kuma Caristo daga Oxford, su kumburin jijiya suke nema ta hanyar duba kitsen da ya kewaye ta.

Ni dai in ba ciwon ƙirji, kalsiyam ya isa a fara da shi. In akwai ciwo kuma CT ya nuna tsukewa tsaka-tsaki, nan kuɗin HeartFlow yake da amfani. Amma fa ka tambaya, injin CT na asibitin ya kai yanka 64, wato yawan yankan hoton da yake ɗauka a zagaye ɗaya? Suna da yarjejeniya da kamfanin kuwa, tunda ta intanet ake tura hoton can? Kuma in hoton bai fito ba aka ƙi karɓarsa, wa zai biya na sakewa?